Ranar da Na Goyo Dutse Zuwa Lafia

Tun da na dawo daga dutsen Eggon ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a bencin mai shayi na bakin kasuwa sai a yanyame ni. Wannan ya ce, "Malam Isa, kore ne ko shuɗi?" Wancan ya ce, "An ce baƙi sun zo gidanka da jaka za su saya." Ranar Juma'a ma wani da rabona da shi tun muna firamare ya kama hannuna a ƙofar masallaci ya ƙi saki, wai in sa shi a harkar. Ko alhazai ba a yi musu tambayar da ake yi mini, alhali wurin da na je mota ba ta cika awa guda ba ta kai ka kusa da gindinsa.

To, na gaji. Zan rubuta sau ɗaya in ba mai shayi ya ajiye, duk wanda ya sake tambayata in nuna masa takarda. Gaskiya ne na dawo da dutse. Gaskiya ne kuma na goyo shi a baya da atamfa kamar mai jego, na ratsa kasuwa da rana tsaka. Amma ba irin dutsen da ake ta rububin haƙa yanzu ba ne, kuma ba na sayarwa ba ne.

Mafarin abin Iya ce, kakata ta wajen uba. Duk unguwarmu an san Iya da baki. Ta tsufa har ta ƙanƙance, haƙori ko ɗaya babu, amma harshen yana nan sabo fil. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ba a Lafia aka haife ta ba, a kan dutse ne. Tana 'yar shekara shida ko bakwai, tun Turawa ba su zauna da gindinsu ba, ta sauko rafi ɗibar ruwa, mahaya suka zo suka ɗauke ta. Aka kawo ta garin nan, ta tashi a gidan wani attajiri, aka sa mata suna Hauwa, daga baya kakana ya aure ta. A gidanmu ba a yin wannan magana. Ni kaina sai da na yi aure na ji ta, ita ma a bakin wata gwaggo da ranta ya ɓaci.

Bayan Sallar Layya Iya ta kwanta. Ba wani ciwo ba ne, ƙarfi ne ya ƙare. Ta daina cin tuwo, sai kunu cokali biyu, shi ma da faɗa. Ran nan da hantsi ta aika aka kira ni daga shagon yadina.

"Isa," ta ce, "duk jikokina kai ne mai tumbi, kai ne kuma ba ka aikin komai sai zama a kan yadi. Za ka hau dutse."

Na ce, "Wane dutse, Iya?"

"Namu. A garinmu in an sace mutum ba a ga gawa ba, dutse ake aza masa a cikin kogo, a lissafa shi cikin waɗanda suka tafi. Na san an aza mini. Shekara tamanin ke nan ina zaune a nan ina kwance a can. Ka je ka gaya musu ban mutu ba, ka ɗauko mini dutsena in gan shi kafin in mutu ta gaskiya."

Na sosa ƙeya na ce, "Iya, wannan abu ai kamar yana da ƙanshin tsafi."

"Tsafin me? Na ce ka yi masa sujada ne? Ɗauko na ce."

Ta jawo kunnena kusa da bakinta ta faɗa mini sunanta na yarinta, Ashezi, wanda ko ubana bai taɓa ji ba. Ta kwatanta mini garin: ganuwar dutse hawa biyu, ƙofar da akuya ɗaya ce ke iya shiga, da kogo mai ɗigar ruwa ko da rani. Sa'an nan ta sake ni ta ce, "Kada ka yi mini nawar nan taka. Ba zan jira ka har a cire gero ba." Ta faɗa tana harara, amma hannun da ta riƙe ni da shi ba nauyi ko kaɗan, kuma wannan ne ya tsorata ni.

Ban san kowa a dutse ba sai Akolo, mai gadin layin shagunanmu. Tsohon soja ne, mutumin Eggon, ya haura hamsin, siriri kamar muciya. Da na kwatanta masa sai ya ce, "Na san wannan gari, uwana ya fito kusa da wurin. Zan kai ka, Oga. Amma wannan tumbi, ban sani ba ko zai kai." Sunan garin kuwa ba zan rubuta ba, don na san halinku, gobe sai a ga wasu sun hau da diga.

Shirin da na yi, ko mai tafiya Ikko albarka. Na sa babbar riga da takalmi sau-ciki mai sheƙi, don kada dangin Iya su raina ni. Na ɗauki laima, fulas, rediyo, buta da darduma. Tsaraba kuma gishiri, sabulu da goro, sai turmin atamfa guda. Atamfar nan dole in yi bayaninta. Shekara uku tana shago ta ƙi fita. Rawaya ce shar, da jajayen zakaru a jiki, kowane zakara ya kai faɗin faranti. Mata in sun gan ta sai su yi dariya su wuce. Na ce a raina mutanen dutse ina suka san bambanci. Shi kuwa dutsen da zan ɗauko, na ƙiyasta bai wuce ƙwai ba, saboda haka na sa sabon hankici a aljihu domin in naɗo shi.

Muka shiga a-kori-kura a tasha da sassafe. Akwai mata bakwai masu komawa gida da kwanonin da suka sayar da kaya, da garwar kananzir, da wani bunsuru da ya zaɓi gefen rigata ya yi ta tauna har muka sauka. A hanya akwai shingen 'yan sanda, ganga biyu da katako mai ƙusoshi, saboda masu satar fita da duwatsu masu daraja. Ni a wurina nan ce iyakar ƙasa, don daga nan gaba ban san gaisuwar kowa ba. Wani kofur ya leƙo, ya dubi takalmina, ya dubi laima, ya ce, "Alhaji, biki za a je?" Na ce dutse zan hau. Ya kira abokinsa ya zo ya gan ni, suka ɗaga mana katako suna dariya.

Daga Nasarawa Eggon muka bi ta gonaki a ƙafa har gindin dutse. Daga nesa dutsen nan yana da kunya, kamar ka taka sau uku ka kai. Sai ka fara hawa yake nuna maka halinsa. Ruwan sama ya sauka kwana biyu kafin nan, duwatsu duk santsi. Takalmina mai sheƙi, in na yi taku biyu gaba sai ya mayar da ni ɗaya baya. Kafin mu yi nisa na zauna sau huɗu ba da niyya ba. Akolo yana gaba yana tafiya kamar a tsakar ɗakinsa, yana waiwayowa yana cewa, "Sofri-sofri, Oga, a hankali. Kar ka duba ƙasa."

Wata tsohuwa ta wuce mu da damin itace. Ina zaune ina haki ta sauko ba itace. Ban gama shan ruwa ba ta sake wuce mu da wani damin. A karo na ukun ta tsaya ta yi wa Akolo magana da yarensu tana nuna ni da haɓa.

"Me ta ce?"

"Ya ce ko kai ba ka da lafiya ne muna kai ka wurin magani."

Daga nan na fara rabuwa da kayan duniya. Laima na bari wurin wani manomi, rediyo da fulas a bukkar wani, takalmin kuma na rataya a wuya na ci gaba da ƙafar Allah. Gonakinsu sun ba ni mamaki. Mu a Lafia in mutum ya ga duwatsu a fili sai ya nemi wani wuri. Su duwatsun suke tsincewa su jera, su tare ƙasa, su yi gona hawa-hawa kamar matakala, har wurin da akuya ma sai ta yi shawara kafin ta taka. Na ga acca da riɗi da wake a wurin da ni ko tsayuwa ba na iya yi.

Wajen azahar muka iso ganuwa ta fari. Dutse ne a kan dutse, ba laka ba siminti, tsayinta ya wuce kaina, ga kerana ta kewaye ta. A samanta an jera wasu manyan duwatsu masu zagaye. Akolo ya dafa ɗaya ya ce, "Wannan kakana ya ajiye ma kakanka. In doki ya zo, sai a tura." Na ce masa kakana ɗan kasuwa ne, goro yake sayarwa. Ya ce, "Haka duka mutanen Lafia suna faɗi."

Ganuwa ta biyu ita ce mai ƙofar da Iya ta faɗa. Tsaga ce kawai tsakanin manyan duwatsu biyu. Akolo ya karkata ya wuce kamar iska. Na cire babbar riga na miƙa masa, na yi bisimilla, na shanye numfashi, na shiga ta gefe. Kai ya wuce, kafaɗa ɗaya ta wuce, tumbi ya ce shi nan ya ga wurin zama. Na yi gaba abu ya ƙi, na yi baya ya ƙi. Akolo ya ja hannuna har na ji kafaɗa za ta rabu da ni. Kafin a jima mutanen gari sun taru, maza da mata, kowa yana ba da shawara da yaren da ba na ji. A ƙarshe wata mata ta kawo man riɗi a ƙoƙo, aka ɗaga 'yar shara ta, aka shafe mini ciki da baya kamar kazar da za a gasa, mutum uku suka tura daga waje. Na faɗo cikin garin kakata a rub da ciki, ba hula, ba takalmi, ina ƙyalli. Wani dattijo ya faɗi wata magana aka fashe da dariya. Akolo ya ce, "Ya ce ƙofa yana aiki har yanzu. Don irinku aka yi shi."

Garin bai wuce gida goma sha ba, saura duk sun sauka bakin titi tuntuni, sai kangaye. Aka shimfiɗa mini buzu a gindin ɗorawa. Na fara gaisuwa irin tamu: ina gajiya, ina gida, ina iyali, ina damina, yaya aka ji da aiki. Suka yi shiru suna jira in gama. Ashe su gaisuwarsu ba ta da tsawo, an haɗa ido an faɗi kalma biyu shi ke nan. Wanda ya kawo ruwa kuma sai da ya kurɓa a gabana kafin ya miƙo. Na so in ji ƙyama, sai Akolo ya ce haka ake yi wa baƙon da ake so ya sake jiki. Mu a gida baƙo ake ba sabon kofi, su kuwa bakinsu suke fara sa maka a ciki.

Da la'asar dattawa suka taru, na miƙe na yi jawabi, Akolo yana juyawa. Na ce ni jikan Hauwa ne ta Lafia. Ba wanda ya motsa. Na ce an ɗauke ta a rafi tana yarinya. Suka gyaɗa kai, don waɗanda aka ɗauka a rafin nan suna da yawa. Sai na tuna na ce, "Sunanta Ashezi. Ta ce in gaya muku ba ta mutu ba."

Can gefe akwai wani tsoho yana tufka igiya, idanunsa sun yi fari. Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya tashi ba sanda, ya nufo inda ya ji muryata, ya sa hannu biyu ya lalube fuskata, ya tsaya a kan kunnuwana. Kunnuwan nan nawa tun ina yaro ake yi mini tsiya da su, wai faifai ne. Ya murza su ya yi magana.

"Ya ce kunnen gidansu ne," in ji Akolo. "Sunansa Baba Tsaku. Shi ne ƙanen Iya. Yana bayan uwansa a goye ranar da aka ɗauke shi Iya."

Tsohon ya sake tambaya. Akolo ya ce, "Wai Iya yana da faɗa?"

Na ce, "Duk Lafia ba na biyunta."

Baba Tsaku ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, hawaye yana bin kumatunsa. Ya ce to ita ce, haka uwarsu take.

Abinci kam an karrama ni. Aka kawo burkutu, na ce a yi mini afuwa, ba wanda ya ji haushi, aka sauya mini da kunun acca. Aka kamo zakara aka miƙo mini da wuƙa, wai tun da ni Musulmi ne in yanka da hannuna don in ci da natsuwa. Wannan ya burge ni ƙwarai, sai dai ni a gida maƙwabci ke yi mana yanka. Hannuna kuma duk mai. Zakara ya suɓuce ya haye ganuwa, sai da rabin gari suka bi shi. Tuwon acca da miyar riɗi da na ci ranar, da wake da aka dafa da man ja, har yanzu in na tuna sai yawuna ya tsinke. Ɗakin da aka sauke ni ƙofarsa sai da rarrafe, gadon na ƙasa ne, kuma ba ni kaɗai ba ne a ciki. Da gari ya waye na tarar akuya ta cinye rabin hankicin da na tanada.

Ashe ma ba zan bukace shi ba. Bayan na yi sallar asuba rana ta fito, Baba Tsaku ya shige gaba zuwa kogo, makaho yana jan masu ido. Bakin kogon ƙarami ne, amma ciki ya fi masallacin unguwarmu faɗi. Rufin ya yi baƙi da hayaƙin mutanen da, ga jemagu reto-reto. Ga ƙananan rumbunan laka inda suke ɓoye hatsi in an kewaye gari, ga ramukan niƙa a jikin dutse sun yi zurfi, ga ruwan da Iya ta faɗa yana ɗiga ɗaya-ɗaya cikin wani kwarmi. A can ƙurya aka jera duwatsu a tsaye, manya da ƙanana. Duk sun yi furfura da ƙura, waɗansu sun faɗi ba mai tayarwa. Guda ɗaya ne kawai baƙi wuluk, sumul, yana ɗaukar hasken fitilar da muka shigo da ita.

Baba Tsaku ya durƙusa ya dafa shi. Ya ce da aka rasa Ashezi, uwarsu ta sauka rafin da aka ɗauke ta, ta yi ta ɗaga duwatsu tana saukewa har ta sami wanda nauyinsa ya yi daidai da na 'yarta. Ta goya shi ta hau da shi. Kowace kaka in an cire riɗi sai ta matse mai ta zo ta shafe shi, yadda take shafe yarinyar bayan wanka. Da za ta rasu ta bar masa aikin. Bai taɓa ganin yayarsa da wayonsa ba, amma bai taɓa tsallake shekara ba.

Na tsaya da guntun hankici a hannu na yi kuka sosai, irin wanda rabona da shi tun rasuwar ubana.

Ban gama share ido ba aka gaya mini sharaɗi. Dutsen nan ba a ɗaukarsa a ka, ba a sa shi a buhu, kuma bare ba ya ɗauka. A goye ya hau, a goye zai sauka, a bayan jinin gidan, kuma ba a dire shi ƙasa sai a gaban mai shi. Na ja Akolo gefe na ce, "Haka al'adarku take?" Ya ce, "Oga, a garinmu ban taɓa ji ba. Amma nan ba garinmu ba ne." Na ce ko dai tsohon nan ya ƙirƙira ne don ya ga ƙarshena. Ya ce, "Kai ka tambaye shi."

Aka shiga neman zane. Sai ga matan gari sun zo cikin ladabi, sun karɓi gishiri, sun karɓi sabulu da goro sun gode, atamfar kuwa sun dawo da ita a naɗe. Wai sun duba duk garin ba zane mai ƙarfinta, ita ta dace da goyo. Na dubi fuskokinsu, kowace ta kawar da kai tana danne dariya. Nan na gane ko a kan dutse ba mai son zakarun nan. Na duƙa, aka aza mini dutse, aka ɗaure, aka yaga gefe aka yi majanyi aka tamke a kan tumbi. Nauyin yarinya 'yar shekara bakwai ba wasa ba ne, musamman wadda ba ta riƙe ka.

Na ce to, yanzu yaya za a yi da ƙofa? Baba Tsaku ya yi mamaki, ya ce wace ƙofa? Ashe ta bayan gari akwai hanya mai faɗi da aka fasa tun zamanin Turawa, har jaki yana bi. Ba mai bin tsagar nan sai awaki. Na juya na dubi Akolo. Ya ce, "Iya ya ce ƙofa na akuya. Ina so ka tabbata garin ne." Ban yi masa magana ba har muka kai rabin gangara.

Saukowa ta fi hawa azaba. Gwiwoyina suna rawa, dutse yana dukan ƙuguna kowane taku. In zan huta sai dai in zauna a bakin dutse in sunkuya, kada goyo ya taɓa ƙasa. Tsohuwar nan mai itace ta sake gamuwa da mu, ta kewaya bayana ta leƙa, ta gyara mini majanyi ta ce da Hausa, "Barka da arziki. Mace ko namiji?" Na ce mace. Duk da haka ban tsaya dogon hutu ba. Abin da ke raina ɗaya ne: kwana biyu na bar Iya tana shan kunu cokali biyu.

A motar dawowa ma mata ne suka fi yawa. Ba halin in jingina, sai na zauna a bakin benci kamar mai jiran hukunci. Suka yi ta koya mini goyo, wata ta ce na ɗaure ƙasa da yawa, wata ta ce in riƙa jijjigawa. Da Akolo ya ba su labari da yare sai tsiyar ta tsaya, wata dattijuwa ta miƙo hannu ta shafa atamfar a hankali.

Muka iso shinge. Kofur ɗin nan na jiya ne. Ya leƙo ya ce, "A'a, Alhajin biki! Mene ne a baya?"

Da na ce doya ce da an wuce wurin. Amma ni sai na ce, "Dutse ne."

Nan take fuskarsa ta sauya. "Sauko. Kwance shi ka ajiye a nan."

"Ba zan ajiye ba."

"Ba za ka ajiye ba? To, a kawo guduma. Haka suke yi, baƙi a waje, kore a ciki. Sai mun fasa mun gani."

Da na ji kalmar guduma sai wani abu ya taso mini. Ni da ko kaza ta fi ƙarfina, na ja da baya na jingina goyona da jikin mota, na buɗe hannuwa na ce, "Wallahi sai dai ka fara fasa ni. Kakata ce!" Kofur ya dubi abokinsa ya ce wannan ko dai ɓarawo ne ko mahaukaci. Akolo ya ƙame ya sara yana ta zuba Turancin bariki, ba wanda ya saurare shi. Sai matan nan suka sauko gaba ɗaya suka kewaye ni, dattijuwar tana gaba. Ta ce, "Ɗana, in kana da ƙarfin hali zo ka kwance goyon da hannunka." Ya miƙo hannu, ya tsaya, ya mayar aljihu.

Hayaniya ta fito da sajansu daga rumfa, wani mai furfura. Ya saurari kowa, ya kewaya bayana, ya ɗaga gefen zane ya shafa, ya sunsuna yatsunsa. Ya daɗe yana kallona daga sama har ƙasa.

"Ɓarawon dutse ba ya shafa masa man riɗi," ya ce. "Kuma mai son ɓuya ba ya ɗaura wannan atamfa. Ku ɗaga musu."

Ina zaton a wurin nan ne labarin kore da shuɗi ya samo asali, don akwai direbobin Lafia biyu a layi suna kallo.

Daga tasha zuwa gida dole na ratsa kasuwa, ta gaban shagona ma. Wanda duk ya gan ni ranar ya san abin da ya gani, ba sai na maimaita ba. Ni dai ban ji dariyar kowa ba, kunnena yana can gida, ina sauraron ko zan jiyo kuka. Da na shawo kwanar lungunmu na ga takalma jibge a ƙofar zaure. Na kutsa ciki ba sallama.

Dangi ne suka cika ɗakin, an kewaye gadon. Tun jiya ba ta yi magana ba, ko kunun ta daina karɓa. Amma tana numfashi. Na ratsa su na durƙusa a bakin gado, na juya mata baya na ce, "Iya, ga shi. Na gaya musu."

Can sai na ji hannu yana lalubar atamfa, ya shiga ciki. Na ji ta ja numfashi mai tsawo ta hanci. Sai ta yi magana, kalma uku ko huɗu, da wani yare da ba wanda ya taɓa ji a bakinta a gidan nan. Akolo yana tsaye a bakin ƙofa, na ga ya cire hularsa ya sunkuyar da kai. Har yau in na tambaye shi abin da ta ce, sai ya ce ba da mu take ba, da uwarta take.

"Wa ke shafa masa mai?" ta ce da Hausa.

"Innarku, har ta rasu. Daga nan ƙaninki Tsaku. Bai taɓa fashi ba."

"Mai kukan nan? Yana nan?"

"Yana nan, Iya. Ya ce a tambaye ki ko har yanzu kina faɗa."

Ta yi wani sauti, ban san ko dariya ba ne ko kuka. Ta ɗan bubbuga bayana yadda ake yi wa jaki in an iso gida, ta ce, "To, sauke ni, Isa. A hankali, kai da hannunka kamar na mahauci."

Na sauke ta a hankali.

Da magariba ta ce a kawo mata tuwo, ta ci loma biyar, ta ce miyar ba gishiri. Atamfar ta ƙwace, ita take lulluɓa da ita yanzu, wai duk shagona ba mai kyanta. Dutsen yana nan a gefen gadonta. Na ɗauka za ta sa a lulluɓe shi a ajiye a ƙurya, sai ran nan na shiga gaishe ta na tarar ta aza goro a kansa tana dandaƙawa da taɓarya 'yar ƙarama, tun da ba haƙori.

Na ce, "Haba Iya! Dutsen da na goyo tun daga can?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Shekara tamanin yana kwance ana shafa masa mai. Tun da ban mutu ba, shi ma ya tashi ya yi aiki."